Littafin famfon sola mai shafi 240: lambobin shafi sun rikice mini a InDesign

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan ofis a Zoo Road inda nake rubuta littattafan koyon aikin hannu. Wanda ke hannuna yanzu jagora ne da Hausa kan haɗa famfon rijiyar burtsatse mai aiki da sola da kuma gyaransa: babi 14, shafi 240, zane da hotuna wajen 180. Duka a fayil ɗaya na zuba shi a InDesign, manhajar tsara shafukan littafi, kuma duk inda na ce "duba shafi kaza" ko "duba zane kaza", da hannu na buga lambar.

Ranar Talata injiniyan da ke duba mini aikin ya ƙara shafi uku a babi na 3, kan yadda ake auna zurfin ruwa kafin a zura famfo. Komai ya gusa. A babi na 9 na rubuta "haɗa wayoyin kamar yadda yake a shafi na 87", yanzu shafi na 87 jadawalin kaurin bututu ne. Wannan shi ya hana ni barci, domin masu karanta littafin nan yara ne masu koyon aiki, wani a bakin rijiya zai buɗe shi da sukundireba a hannu. In ya bi zanen da ba shi ba, ya ƙone kwantirola, kuɗin mutane ne. Ga fayil ɗin ya yi nauyi, ina ja yana tsayawa. Sati uku ya rage in kai wa mai ɗab'i. Yaya zan yi?

Tsohon Maɗaba'i:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka, sati uku ya isa. Ni da tsohuwar manhajar PageMaker na fara wannan sana'a a Fagge, tun kafin InDesign ya fito a 1999, kuma na sha ganin irin wannan.

Fara da raba littafin: kowane babi fayil ɗinsa, sannan ka tara su cikin fayil ɗin littafi mai ƙarewa da .indb. Shi zai riƙa jera lambobin shafi daga babi zuwa babi, in babi na 3 ya ƙaru, sauran su gusa da kansu. A nan kuma za ka ce kowane babi ya fara a shafin dama, ya sa farin shafi inda ake buƙata.

Amma rabawar ba za ta yi maka komai ba in ba ka da salon sakin layi. Kan babi salonsa daban, ƙaramin kai daban, bayanin ƙasan zane daban, gargaɗin haɗari daban. Ka gyara su a babi ɗaya, ka mai da shi uwa, ka daidaita sauran da shi. Daga waɗannan salon ne manhajar ke tsamo ƙunshiyar littafi. Lambar zane ma a cikin salon za ka sa ta, ta riƙa ƙirga kanta, har da lambar babi a gaba, ka samu zane 9.4 ba tare da ka buga ba. Shi kuwa "duba shafi kaza", akwai manuni na musamman tun fitowar sigar InDesign ta CS4, wanda ke riƙe da sakin layin da kake nufi duk inda ya koma. In wurin ya motsa zai nuna maka alama ruwan ɗorawa, ka sabunta. Ni dai nakan buɗe babobin duka kafin in sabunta, ya fi tafiya lafiya.

Nauyin kuwa, ina zargin liƙa hotunan ka yi a ciki. Ajiye su a folda, ka jawo su ta mahaɗi. Kuma ka sani 240 ya zauna daidai, ninki 15 ne na shafi 16, adadin da ake yawan bugawa a babbar takarda ɗaya. Yanzu ka koma 243, sai ka zauna da mai ɗab'inka tun wuri.

'Yar Sharaɗa:
Baba ya gama magana, sai dai ina da tambaya ga Malam. Haruffanka masu lanƙwasa, da wane fon, wato samfurin haruffan kwamfuta, ka buga su? In irin tsofaffin nan ne da ke ɗora ƙ a kan alamar } da ɗ a kan ], ka gyara yanzu kafin ka raba fayil ɗin. Ya taɓa faruwa da ni a wani littafin kiwon kaji: an buɗe shi a kwamfutar da ba ta da fon ɗin, "ƙwai" ya koma "}wai" tun daga bango har bango. Ka koma haruffan Unicode, wato tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, da fon irin Charis SIL ko Andika, kyauta ne, kuma suna da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manya da ƙanana. Amma kada ka danna a sauya duka lokaci ɗaya, tunda littafinka na da lissafi, zai cinye maka alamomin } da ] na gaske da ke ciki.

Sai fihirisa, jerin kalmomin nan na ƙarshen littafi. A Hausa ƙ bayan k take zuwa, ɗ bayan d. Akwai gurbin da ake gaya wa InDesign yadda zai jera kalma. Ni "ƙarfe" nakan rubuta masa "kzarfe" a gurbin, sai ya faɗo bayan duk kalmomin k, mai karatu kuma "ƙarfe" zai gani.

Injiniya Ƙarami:
Yaya, in irin wannan aikin ne abincinka, ka leƙa FrameMaker nan gaba. Don dogayen littattafan fasaha aka gina shi, Adobe ta saye shi tun 1995. Tsarin LaTeX ma yana ƙirga komai da kansa, kuma ba a biya. Amma kada ka sauya doki a tsakiyar kogi, gama wannan a inda ka fara.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya saka da alheri. Kwana huɗu na yi a kai. Na raba shi gida 14, babi na 1 ne uwa. Da na bi "duba shafi" ɗaya bayan ɗaya na tarar guda 63 ne, kuma biyu daga ciki tun kafin injiniya ya taɓa komai ba daidai suke ba, ɗaya ma a wurin haɗa wayar ƙasa yake. Jikina ya yi sanyi da na gani. Jiya na gwada ƙara shafi a babi na 3, na sabunta, na bi su duka, kowanne ya nuna inda ya kamata.

Hajiya, kin canka, tsohon fon ne. Na koma Charis SIL, sai dai rubutun ya ɗan bazu, da fararen shafukan ƙarshen babi littafin ya kai 251. Baba, in cika shi 256 da shafukan da mai gyara zai riƙa rubuta ranar da ya duba famfo, ko in matse in koma 240? Gobe da hantsi zan je wurin mai ɗab'in.