"Kora da hali ta fi kora da kara": wa tsohon nan yake wa faɗa?

Ɗan Katsinawa: Assalamu alaikum. Jiya a tashar mota a Maraɗi wani ɗan kamasho ya liƙe wa ƙanena, ya ja jaka, ya ja riga, wai sai motarsu zai shiga. Yaro ya gaji ya ce masa "Laisse-moi tranquille, dégage!", wato "Ƙyale ni, kauce daga nan!" Nan rigima ta kaure, wai an zage shi da Faransanci. Wani dattijo mai goro ya ce, "Samari, kora da hali ta fi kora da kara." Ƙanena yake wa faɗa, ko me?

Malam Na-Gefe: Wa alaikumus salam. Shi yake wa faɗa mana. Ka ɗaure fuska, ka yi banza da mutum, da kansa zai kama gabansa. Mu dai a wajenmu "da sanda" muke cewa.

Uwar Biyu: Malam, "fi" ɗin nan fa ba yabo ba ne. Ta fi ciwo ake nufi. Tambayi matar da miji ya daina cin tuwonta, bai ce ta tafi ba, bai ce ta zauna ba. Gara ya fito fili.

Ba-Damagare: Laifin yaron ɗaya ne, ya yi masa "tu", wato "kai" ɗin da ake yi wa tsara, maimakon "vous" na girmamawa. Da "laissez-moi tranquille, s'il vous plaît" ya ce, da an rabu lafiya. "Dégage" kuwa kamar ka kori akuya daga kan shanya ne. Kuma mu faɗi gaskiya, abin da kunya ba za ta bar mu mu faɗa da Hausa ba shi muke tura wa Faransanci. Wa zai iya kallon babba ya ce "ɓace min da gani"?

Uwar Biyu: Kun tuna min kakata, Allah ya jiƙanta. A Birni take, cikin Damagaram. Akwai abokin kakanmu, tsohon sojan Faransa, kullum ana sauke tukunya sai ga sallamarsa. Ba irin korar halin da ba ta yi ba. Ta rage malmala, ta zabga gishiri a miya, ta sa yara shara yana zaune ƙura na tashi. Mutumin nan sai ya ce, "Kai, yau miya ta ji hannu." To tana yarinya ta riƙa kai nono gidan wani Anasara, ta lura in an ajiye abinci matar gidan takan faɗi wata kalma, kuku ya juya ya fita. Ta riƙe ta a zuwan kalmar kora ce. Ran da tura ta kai bango ta leƙo zaure, ta dire akushi, ta daka masa tsawa: "Bonapeti!" Ashe "a ci lafiya" ke nan da Faransanci. Tsohon soja ya washe baki ya ce "Mersi, madam," wato ya gode, ya wanke hannu. Shekara bakwai ya ƙara yana zuwa.

Ɗan Katsinawa: Wayyo cikina! Hajiya ta ba shi lasisi da bakinta.

Sarkin Zolaya: Tsohon sojan nan ya bar jikoki a siyasa. Ka rage tuwo, ka zuba gishiri, ka ƙi zaɓensu, gobe ka ga fostarsu a ƙofar gidanka.

Ba-Damagare: Shi ya sa mutanen Tunisiya a 2011 ba su tsaya kora da hali ba, "dégage" suka ɗaga a titi. A Yamai ma ita aka rubuta a kwalaye a 2023, kafin Disamba ta ƙare sojojin Faransa sun kwashe kayansu.

Malam Na-Gefe: Don Allah a bar siyasa. Baƙonka annabinka fa.

Sarkin Zolaya: Malam, na kwana uku ko na shekara bakwai?

Uwar Biyu: Ni har yanzu ba a ba ni amsa ba, ta fi kyau ne ko ta fi ciwo?

Ɗan Katsinawa: Ƙanen nawa dai motar ɗan kamashon ya shiga a ƙarshe, ita kaɗai ta rage mai zuwa Ƙonni.