Taƙaitawa kan kayan facin taya ga masu tafiya da mota mai ɗakin kwana

Ga abin da 'yan'uwa mazauna Saudiyya suka faɗa, musamman masu bin dogayen hanyoyi irin ta Riyad zuwa Makka, inda ake daɗewa kafin a ga mai banshar, wato mai facin taya.

1. Kowa ya yarda cewa safaya mai iska, da jak mai ɗaukar nauyin motar, da famfon da ke aiki da batir, su ne farkon guzuri. An ƙara da katako mai faɗi, domin jak yakan nutse a yashi.

2. Robar da ake cusawa cikin hujin taya marar tib tana amfani ne idan ƙusa ta huda inda tayar ke taka ƙasa, kuma hujin bai wuce milimita 6 ba. Idan gefe ya tsage, sai canji. A ganina, nan aka fi kuskure, domin mutum yana ganin iska ta tsaya sai ya koma gudunsa, alhali kwalta na tafasa da zafi.

3. An rabu kan ruwan liƙi na gwangwani, wanda ake ɗurawa cikin taya don ya toshe huji. Wasu sun ce ya kai su gari, wasu kuwa sun ce yana toshe na'urar auna iska da ke cikin taya, kuma masu faci ba sa son wanke shi.

4. A auna iska da asuba, kafin taya ta ɗau zafi.

5. Idan abin ya gagara, a kauce daga titi, a kira jami'an tsaron hanya a 911 a yankunan Riyad, Makka, Madina da Gabas, ko 996 a sauran yankuna.