Likitan kamfani ya ce na warke, likitan gwaji ya hana ni hawa jirgi

Ma'aikacin ɗakin injin jirgin ruwa, Apapa, Legas:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na ji ciwo a ƙashin baya muna ɗaga famfo, aka sauke ni daga jirgi, likitan da kamfani ya zaɓa kuma ya rubuta cewa na warke, saboda haka babu diyyar nakasa. Da na je gwajin lafiya don sabon kwantiragi, wani likitan ya sa na sunkuya, hannuna ya kasa wuce gwiwa, nan take ya hana ni takardar shaidar lafiya. Yanzu ba diyya, ba aiki. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka mini da yadda ya yi.

Tsohon ma'aikacin jirgin dakon mai, Tema, Ghana:
Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya ba ka lafiya. Igiya ta taɓa murƙushe mini yatsu biyu, kuma abin da ya cece ni shi ne rahoton hatsarin da kyaftin ya sa wa hannu ranar da abin ya faru, domin da shi na toshe bakin masu cewa tsohon ciwo ne. Ka nemi naka. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a Agustan 2013, Najeriya da Ghana kuma duk sun amince da ita, ta ba wanda aka hana takarda damar wani likita mai zaman kansa ya sake duba shi, ta kuma ɗora wa mai jirgi kuɗin magani na aƙalla mako 16.

Matar wani ma'aikacin jirgi, Legas:
Malam, don Allah kada ka sa hannu a takardar da ke cewa an biya ka dukkan haƙƙinka. Maigidana yana kwance, kuɗin haya ya taso, aka kawo masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba tare da irin wannan takarda. Daga baya jami'in ITF, ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ya nuna mana cewa tun Janairun 2017 doka ta hana matsa wa mutum ya karɓi ƙasa da abin da kwantiraginsa ya tanada, kuma wajibi ne a liƙa takardar inshorar diyya a cikin jirgi.

Mai dafa abinci a jirgi, Duwala:
Na yi aiki da 'yan Filifin, kuma a tsarinsu idan likitoci biyu suka saɓa, ma'aikaci da kamfani kan amince da likita na uku wanda hukuncinsa ke ɗaure kowa. Kwantiragina ma yana da wannan sharaɗi, da shi aka tabbatar da raunin kafaɗata. Yaya, ka duba naka, ka haɗa takardun likitocin biyu da hoton bayanka da aka ɗauka a asibiti, ka kai wa ƙungiyarku da NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya.