Babanmu ya rasu kafin a yi masa baftisma, me za mu yi?

Ɗan'uwa daga Kaduna: Salama a gare ku. Babanmu ya rasu ranar Talata yana cikin ajin baftisma, saura mako uku a yi masa. Dattawan ikkilisiya sun ce gawarsa ba za ta shiga majami'a ba, sai dai a yi sujada a gida. Mu amince, ko mu jinkirta jana'izar mu sake roƙonsu? Mama kuma kullum tana tambayata ko ya sami ceto.

'Yar'uwa daga Kafanchan: Allah ya ta'azantar da ku. Ka karanta wa Mama Luka 23:43, domin ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai shiga ruwa ba, amma aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar.

Baba daga Jos: Ɗana, kada ku jinkirta. Mu naira 2,000 muka riƙa biya kowace rana a ɗakin ajiye gawa.

Wani daga Zariya: Baba, wannan tsohon farashi ne, mu 5,000 muka biya, ban da kuɗin allura.

Mama daga Gombe: Ni abin da aka yi mini bai bar zuciyata ba. Mijina ya yi shekara 30 yana share majami'a, amma da ya rasu aka buɗe littafi aka ce bai cika zakkarsa ba. Na tsaya a bakin ƙofa da kayan zumuntar mata a jikina, akwatinsa yana cikin mota a rana, har yarana suka ciwo bashi suka biya.

Wani ɗan Katolika: A wurinmu, mai koyon addini da ya rasu yana marmarin baftisma ana yi masa jana'izar ikkilisiya, kuma muna yi wa matattu addu'a, musamman ranar 2 ga Nuwamba.

'Yar'uwa daga Kafanchan: Ibraniyawa 9:27 ta nuna mutuwa sau ɗaya ce, bayanta sai shari'a. Addu'ar me kuma?

Baba daga Jos: Ku bar wa waɗanda suka yi makarantar tauhidi wannan magana.

Wani matashi: Baba, Bitrus ma masunci ne, a bakin teku ya yi tasa makarantar.

Mama daga Gombe: Yarona, ba lokacin raha ba ne. Ni dai ina so a gaya mini wanda ya fara kawo katin zakka wurin jana'iza, domin gwauraye da yawa a garinmu sun sha irin abin da na sha.