'Yan gem da masu gyara, wane suna za mu ba wannan ciwon na laftof da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. 'Yan gem na Kaduna, masu gyaran kwamfuta, da malaman Hausa in akwai ku a nan, kalma biyu nake nema kuma da gaske nake. Akwai abin da Turawa ke ce wa "thermal throttling", akwai kuma "stuttering", mu kuwa a nan duk abin da ya samu laftof sai mu ce tana hangin. Netwok ya yi rauni, hangin. Zafi ya kama ta, hangin. Caja ce ba ta kai ba, shi ma hangin. To mai gyara in ya ji hangin me kake so ya yi? Zai ce a yi fomatin ko a ƙara ram, yaro ya tara kuɗinsa da ƙyar ya biya, ya koma gida ya kunna FIFA, kafin a je hutun rabin lokaci abu ya dawo yadda yake don tun farko ba a nan ciwon yake ba. Wallahi wannan asarar tana damuna.

Bari in fara da na farkon, wato "thermal throttling", saboda wanda bai san shi ba. Furosesa, wato ɓangaren da ke yin lissafin komai a kwamfuta, tana da iyakar zafin da aka sa mata tun daga kamfani, na Intel na laftof yawanci digiri 100 ne, katin girafik (mai sarrafa hoto) na Nvidia kuma wajen 87. In ta doshi wurin ba ta tsayawa ta ƙone, ita da kanta take sauke gudunta don wutar da take ci ta ragu zafin ya sauka. Ɗauki i7-9750H da ke cikin tokumbo da yawa da ake kawo mana, asalin gudunta gigahaz 2.6 ne amma tana iya hawa har 4.5, to in zafi ya matsa mata sai ka ga tana gangarowa, ta ɗan huce ta sake hawa, ta sake zafi ta sake sauka, haka za ta yi ta yi har ka tashi daga gem ɗin. Ba lalacewa ta yi ba, kare kanta take yi. Don haka duk kalmar da za mu ɗauka dole ta nuna cewa injin ne da kansa ya rage, da gangan, kuma yana tafiya bai tsaya ba.

Ga kalmomin da aka riga aka kawo min. Wani ɗan uwa ya kawo "shaƙewa". Na gode ɗan uwa, kuma na gane inda ka dosa, amma ina ganin mu bar wannan kalmar a inda take da aiki. Shaƙewa ita ce abin da ke samun ramukan iska in ƙurar hunturu ta cika su, ka buɗe bayan laftof ka tarar da wani abu kamar auduga ya toshe tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita. Wannan shi ne sanadi. Abin da muke nema wa suna shi ne abin da furosesa ke yi bayan nan, in muka ba su suna ɗaya mun koma gidan jiya.

"Jan birki" ma an kawo, shi dai ban tsaya a kansa ba don in Bahaushe ya ce an ja birki tsayawa yake nufi.

Wani malami da ke koyar da Hausa ya ce "jan linzami", kuma gaskiya Malam kalmar ta yi kyau, mahayi yana jan linzami doki ya rage gudu ba tare da ya tsaya ba, ma'anar ta zauna daram. Abin da ya sa nake ɗari-ɗari shi ne linzami ya riga ya yi nauyi a bakin mutane. Akwai makami mai linzami da muke ji kullum a labarai, akwai kuma masu kiran maus da linzamin kwamfuta, to ka ce wa yaro laftof ɗinka tana jan linzami zai fara duba maus ɗinsa ne. Allah Ya ƙara ilimi Malam, ba ƙin ta na yi ba, a rubutu na makaranta ni zan so in gan ta.

Wadda ta kwanta min a rai wani ogan gyara ne daga Tudun Wada ya faɗe ta, ya ce ai kalmar tana hannunmu tuntuni, totur. Duk ɗan acaba da direba ya san totur, a taka totur, a murɗa totur, a saki totur. Kuma ita ce dai kalmar Turancin da muke fama da ita, kakanninmu makanikai suka narkar da ita tun zamanin da suka ba mu birki da giya da sitiyari. A garin da aka fara haɗa Fijo a Kakuri tun 1975, garin da yake da Panteka, ba sai an yi wa kowa bayanin totur ba. Saboda haka "rage totur". Laftof ɗina tana rage totur saboda zafi. Ka faɗa wa wanda bai taɓa buɗe kwamfuta ba zai gane cewa inji na tafiya amma an rage masa ƙarfi. Oga Allah Ya saka da alheri.

Kuma wani amfanin nata, ba zafi kaɗai ke sa rage totur ba, sai kalmar ta ba mu damar mu faɗi dalilin a bayanta. Akwai rage totur na wuta, kuma shi ne ya fi cin mutane a nan. Laftof ɗin gem cajarta ta asali takan kai wat 150 ko 180 ko 230, sai a sayar maka da ita da wata ƙaramar caja mai wat 65 ko 90 don bakin ya shiga, tana nuna tana caji kuwa, amma da ka shiga gem wutar ba ta isar furosesa da katin girafik lokaci ɗaya, wasu ma in ba su gane cajar ba sai su sauke gudu har ƙasa da gigahaz 1 su zauna a nan. Haka in an ɗauke wuta ka ci gaba a kan batir, kusan dukkansu suna rage ƙarfi, na Nvidia ma akwai saitin da ke tsayar da gem a firem 30, wato hoto 30 a kowane sakan, in kana kan batir. Laftof a sanyaye amma tana jan ƙafa, ka ga wannan ko fanka goma ka jera mata a banza, lambar da ke jikin cajarka za ka duba.

To sai ta biyun, wato "stuttering", ita ce ta fi ba mu wahala.

Gem da ke tafiya a firem 60 yana nufin kowane hoto yana fitowa cikin milisakan 16.7, ɗaya bayan ɗaya a jere. In guda ɗaya ya makara ya ɗauki milisakan 80 ko 100, idonka zai ga hoton ya ɗan tsaya sannan ya fizga gaba, alhali lambar firem da ke saman allo tana iya ci gaba da nuna maka hamsin da wani abu kamar lafiya lau. Shi ya sa mutum zai rantse laftof ɗinsa na da matsala abokinsa ya kalli lambar ya ce ƙarya ne. Ba rashin gudu ba ne, rashin daidaito ne a tafiyar.

Fassarar kai tsaye ita ce in'ina, mutum biyu sun kawo ta. Ni dai ba na so, lalura ce da 'yan uwanmu ke fama da ita, kuma na san yadda gidan gem yake, gobe za a mayar da ita abin tsokanar wani yaro. "Daskarewa" ta yi amma ga wani abu daban, wato hoto ya tsaya cak ya ƙi motsi sai ka danna maɓalli ka kashe, mu ajiye ta can. "Cijewa" na ji 'yan gem da yawa suna faɗa kuma ba laifi, sai dai abin da ya cije ya tsaya ke nan sai an taimaka masa, mota in ta cije turawa ake yi. Wata 'yar uwa da ke karatun kwamfuta ta ce "ɗingishi", na yi ta juya ta a baki na ga ta fi sauran. Mai ɗingishi yana tafiya, zai ma kai inda za shi, amma takun ba ɗaya ba ne. Wani ya ce ai ita ma lalura ce, haka ne, sai dai ɗingishi kowa na yi in ya taka ƙaya ko ya gurɗe a ƙwallo kuma ya warke, ba suna ne da ake liƙa wa mutum ba. Ƙanwata kin kyauta.

Na intanet kuma, wanda za ka harbi mutum a PUBG sai bayan ɗan lokaci harsashin ya fita, wannan "jinkirin netwok" ya ishe shi, ba ruwan laftof. Hanyar rabewa mai sauƙi ce, kashe intanet ka buga gem ɗin da ba ya buƙatarsa kamar labarin GTA V, in abin ya ɓace to layinka ne.

Yanzu ku ga yadda magana ke sauƙi in kalmomin suna nan. Ka sauke manhajar HWiNFO ko ta MSI Afterburner, duka kyauta ne, ka kunna gem ka sa ido kan zafi da gudun furosesa. In da farko lafiya lau, sai bayan minti 10 ko 20 zafi ya haura 95 gudu ya fara faɗuwa ɗingishi ya shigo, to rage totur na zafi ne ya haifar da shi. In tun daga minti na farko yake yi kuma zafi bai wuce 75 ba, nemi wani wuri: ram guda ɗaya ce maimakon biyu, ko gem ɗin yana kan tsohon hadis mai juyawa ba SSD ba, ko Windows na sauke wani abu a ɓoye, ko katin girafik ɗin ƙwaƙwalwarsa giga 4 ce kai kuma ka ɗaga saitin hoto har sama. Akwai ma sababbin gem da ke ɗingishi a karon farko da ka shiga wuri sabo saboda suna shirya hotunan wurin, ka sake bi ta nan ka ga ya daina, wannan ba ciwo ba ne.

In na zafi ne, a nan Kaduna abu biyu ke haɗuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu fanka na ta zuƙar ƙura, sai Maris da Afrilu su zo zafin gari ya haura digiri 35, iskar da laftof za ta sanyaya kanta da ita ma da zafinta ta shigo, ga hanya a shaƙe. Don haka ƙarshen hunturu ne lokacin buɗewa a share. Don Allah in za a hura da bulowa a riƙe fankar da yatsa kar a bar ta tana juyawa da ƙarfin iska, ana kashe fanka a haka. A daina ɗora ta kan katifa ko darduma, ta ƙasa take shan iska, ko littafi ka sa ka ɗaga bayanta kaɗan za ka ga bambanci a lamba. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen jan zafi yana bushewa in ya shekara biyu uku, kuma tokumbo ba wanda ya san yaushe aka canza shi, a goge tsohon tas a sa sabo mai kyau, ba a lafta da yawa ba. Amma a kula, wasu Asus ROG na 2020 zuwa sama ba man da muka sani ne a ciki ba, wani ruwan ƙarfe ne da lantarki ke bi ta cikinsa, in ya zuba kan bod, wato allon da kayan ciki ke zaune a kai, an gama, wanda bai taɓa yi ba kar ya koya a kan kayan mutane.

Wanda ba shi da kuɗin buɗewa yanzu, akwai dabara biyu. Ka tsayar da firem a 60 a cikin saitin gem ɗin, tunda gara 60 a jere da 90 mai hawa da sauka. Sannan a saitin wuta na Windows akwai inda ake rubuta iyakar ƙarfin furosesa, ka mayar da 100 zuwa 99, a laftof da yawa wannan yana hana ta hawa can sama, zafi ya sauka sosai, gem da yawa ba za ka ma ji an rage komai ba. Wato kai ka rage mata totur da hannunka kaɗan kafin ita ta rage da yawa.

Inda muka tsaya ke nan zuwa yanzu, rage totur da ɗingishi sun fi samun goyon baya, daskarewa da jinkirin netwok kowa na wurinsa. Malam ya ce shi zai ci gaba da jan linzami a aji, ba matsala Malam, in ɗalibai suka ɗauka mu ma za mu ji. Masu shago a Ahmadu Bello Way da Kasuwar Gumi ku gwada su a kan kwastoma wannan satin ku faɗa mana ko ana ganewa ba tare da dogon bayani ba, in ba a ganewa mu sake zama.

Saura "undervolting", wato a rage wa furosesa ƙarfin wutar da take sha ba tare da an taɓa gudunta ba, da manhajar ThrottleStop ake yi, ko da yake laftof da yawa an kulle hanyar tun bayan matsalar tsaron da aka gano a furosesar Intel a 2019. Wani ya ce "tsuke wuta", wani ya ce "rage mai". Masu aikin lantarki ku ne kuka san me kuke ce wa irin wannan a bakin aiki, muna jiran ku.