Netflix ya ƙi buɗewa a Linux Mint

Baƙon Linux: Jama'a, na sa Linux Mint, amma Netflix a Firefox sai baƙin allo. Ina matsalar take?

Mai Gyara: Makullin haƙƙin mallaka ne, wato DRM. Shiga Settings na Firefox, ƙarƙashin General, ka kunna "Play DRM-controlled content". Firefox zai sauko da Widevine na Google, manhajar da ke warware makullin, da kansa. Ba shi minti biyu, sannan ka sabunta shafin.

Hajiya Tekno: In ya ƙi, duba Plugins a sashen Add-ons na Firefox, wataƙila Widevine a kashe yake. Amma malam, cire rai da 4K, wato hoto mai tsananin kyau. Linux matakin L3 yake samu, wato mafi ƙarancin tsaro a Widevine, inda manhaja ce kawai ke warware makullin, kamfanonin fim kuwa ba su yarda da ita ba.

Baƙon Linux: Ya buɗe, na gode.