Motar tsere na ɗaukewa a kwana, sitiyari kuma na rawa: laifin rimot ne?

Ɗan Kwana:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana kan motar tsere ta rimot, girman 1/10, mai injin lantarki marar buroshi da batirin LiPo 2S, wato mai sel biyu. Rimot ɗin na 2.4GHz ne, yana aiki da batir AA guda huɗu na NiMH. A takardar ESC, wato na'urar da ke sarrafa gudun inji, an rubuta BEC ɗinsa 6V ne, amfiya 3; BEC shi ne sashen da ke ba risiba wuta, ita kuma risiba ita ce ke karɓar siginar rimot a cikin mota. A jikin risiba akwai sarbon sitiyari (ƙaramin injin da ke juya tayoyin gaba) na dijital mai ƙarfi wanda bai daɗe da hawa ba, da fanka, da na'urar ƙirga zagaye.

Matsalolin uku ne. Na farko, a kwana mai tsauri ko bayan saukowa daga tsalle, motar takan mutu kamar daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ba totur ba sitiyari, sannan ta dawo. Na biyu, a ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanya, inda ta fi nisa da dandamalin direbobi, tana ɗan yin sarƙewa. Na uku, ko a tsaye take tayoyin gaba na ɗan karkarwa, kuma tsakiyar sitiyari ba ta zama wuri ɗaya. An sake ƙulla rimot da risiba, wato haɗa su don su gane juna, har sau biyu, ba abin da ya canza. Rimot ɗin ne ya gaji a sayi sabo, ko akwai inda ya kamata a fara dubawa?

Mai Dalma:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka taɓa kuɗin sabon rimot tukuna. Matsalarka ta farko ba ta yi kama da ta sigina ba, ta yi kama da ta wuta, kuma bayaninka da kansa ya nuna mai laifin: sabon sarbo.

Risiba ba ta da batirin kanta a motar lantarki, BEC ɗin da ke cikin ESC ne ke ba ta wuta ta jar wayar filogin totur, kuma daga wannan layi ɗaya sarbo da fanka da na'urar ƙirga zagaye duk suke sha. Sarbon dijital mai ƙarfi, a lokacin da ya juya kwatsam ko tayoyi suka turje masa, yana iya zuƙar amfiya da ta wuce ukun da BEC ɗinka ke iya bayarwa. Sai wutar layin ta faɗi na ɗan ƙiftawar ido. Yawancin risiba idan wuta ta sauka wajajen 3.5V sai su mutu su sake tashi, kuma daƙiƙa ɗaya ko biyun da kake gani lokacin da take ɗauka ne ta farfaɗo ta sake kama rimot. Shi ya sa abin ke faruwa a kwana da bayan tsalle, inda sarbo ya fi shan wahala, ba a wurin da ya fi nisa ba.

Gwada haka. Ɗora motar a kan abin da zai ɗaga tayoyinta daga ƙasa, ka kunna rimot, sannan mota. Riƙa murza sitiyari hagu da dama da sauri, wani kuma ya ɗan riƙe tayoyin gaba da hannu, ba da ƙarfi ba. Idonka na kan fitilar risiba. In ta ɗauke ko ta canza launi, ko ESC ya sake yin ƙarar da yake yi lokacin kunnawa, to magana ta ƙare. Kana iya sa mitar auna wuta a tashar risiba da ba kowa a kai, baƙar waya da ja, amma ka sani mita ta gama-gari tana da nawa, faɗuwar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba tana iya wuce ta. In taka tana da maɓallin riƙe mafi ƙarancin awo, yi amfani da shi.

Gwajin da ya fi yanke hukunci shi ne na batir daban. Ɗaga ɗan harshen robar filogin ESC da allura, ka zare jar wayar, ka naɗe ta da tef. Sai ka ba risiba wuta daga batirin NiMH mai sel huɗu ko biyar, 4.8V ko 6V. In motar ta daina mutuwa, BEC ne ya gaza.

Gyara kuwa, fara da wanda ba ya cin ko sisi. Duba iyakar juyawar sitiyari a rimot, wato EPA. In sarbo na ci gaba da turawa bayan tayoyi sun kai ƙarshen juyawarsu, za ka ji yana gunji, kuma a nan ne ya fi zuƙar wuta. Rage kowane ɓangare har gunjin ya tsaya, ka ƙara rage maki biyu ko uku. Cire hannun sarbo ka juya tayoyin da hannu, su tafi sumul, ba cijewa. Bayan haka sa kafasita, wato ɗan abin da ke tara wuta ya sake ta lokacin buƙata, a tashar risiba da ke banza, 2200µF zuwa 4700µF, mai jure 10V ko sama, ka kula da fas da nagatif ɗinta don in aka juya ta fashewa take yi. Kafasita tana cike gajeriyar faɗuwa ne kawai. In sarbon ya fi ƙarfin BEC nesa ba kusa ba, sai BEC na waje mai amfiya 5 zuwa sama, jar wayar ESC kuma ta ci gaba da zama a zare, domin ba a haɗa tushen wuta biyu a layi ɗaya.

Eriya31:

Na yarda da Malam Mai Dalma a kan ta farko, amma kafasita ba za ta taɓa ta biyu ba. A ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya sarbo hutawa yake, ba abin da yake ja. Abin da ya canza a wurin nisa ne, don haka a duba eriya.

Wayar eriyar risiba ba duka ce ke kama sigina ba. Doguwar mai kauri rufaffiya ce, aikinta kai sigina ciki. Ɗan siririn kan nan, kusan milimita 30, shi kaɗai ne eriyar, kuma tsawonsa ba na ganin dama ba ne, rubu'in tsawon zangon 2.4GHz ne, wanda ya kai kusan santimita 12 da rabi. In kan ya gutsure, ko ya lanƙwashe a bakin bututu, ko an naɗe shi an cusa a akwatin risiba don motar ta yi kyan gani, nisan kamawa ya ragu sosai. Motar da ke yawan kifewa takan goge kan eriya a ƙasa har ya cinye, mai ita bai lura ba. Zare ta daga bututun ka auna da rula. Ka bi rufaffiyar wayar da yatsa ka ji ko akwai inda murfin akwati ya matse ta, sannan ka buɗe risiba ka ga ko ɗan maɓallin da ke riƙe eriyar a allo bai ɓalle ba, in irin mai maɓalli ce.

Wurin zamanta ma magana ce. Zaren kabon da alminiyam suna tare sigina, haka batir da inji. Kan eriya ya tsaya a miƙe, ya ɗara shasi da batir tsayi, nesa da manyan wayoyin inji da na batir gwargwadon yadda wuri ya ba da dama. Kada a ɗaure wayar eriya ko ta sarbo da waɗannan wayoyi a dami ɗaya.

A ɓangaren rimot, in mai eriya a waje ne, kada ka nuna motar da tsinin eriyar kamar mai nuni da yatsa. Ta gefe sigina ke fita da ƙarfi, ta tsini ya fi rauni. In eriyar a ciki take, kula kada hannu ko ƙarfen dandamali ya rufe wurin.

Sai batirin rimot. NiMH huɗu 4.8V ne, alkalin huɗu 6V. Shiga saiti ka tabbata nau'in batirin da aka zaɓa shi ne wanda ke ciki, in ba haka ba ƙararrawar ƙarancin wuta za ta yi kuka a banza ko ta yi shiru lokacin da ya kamata ta yi kuka. Auna kowane sel shi kaɗai, don guda ɗaya da ya mutu yana ɓuya a cikin lafiyayyu uku. Girgiza rimot ɗin yana kunne. In allonsa ya ƙifta, sifirin ɗin akwatin batir sun saki ko sun yi tsatsa.

Ɗan Kwana:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ga sakamako: da aka riƙe tayoyi fitilar risiba ta ɗauke, kuma da batir daban ba ta ɗauke ba. EPA yana kan 120 hagu da dama, an mayar da shi 92 da 95, gunjin ya tsaya. Kan eriya bai kai milimita 20 ba, ya cinye. Saura karkarwar sitiyari, wadda har yanzu tana nan ko da batir daban.

Baba Nitro:

To ɗana, ita eriyar a canza ta da sabuwa irin tata. Kada a ɗora mata guntuwar waya da dalma, ba za ta koma daidai ba.

Karkarwar nan ita kaɗai ce cikin ukun da ke iya zama laifin rimot da gaske, kuma rabe ta ba wuya. In rimot ɗinka mai allo ne, akwai shafin da ke nuna matsayin kowace tasha da layi ko lamba. Buɗe shi, ka ajiye rimot a tebur, kada ka taɓa. In lambar sitiyari na tsalle ita kaɗai, ko in ka saki sitiyarin daga hagu ta tsaya a wani wuri, daga dama ta tsaya a wani, matsalar na cikin rimot. A bayan sitiyarin akwai abin auna juyi irin bolum ɗin rediyo, kuma tsakiyarsa ce ta fi cinyewa saboda a nan hannu ke yawan wasa. Maganin feshi na wanke mahaɗin lantarki, wanda ba ya cin roba, yakan taimaka na ɗan lokaci, amma wanda ya cinye sai canji. Masu firikwensin maganaɗisu ba sa wannan cinyewa, sai dai a sake daidaita su ta shafin daidaita sitiyari da kunamar totur. Duba sifirin da ke mayar da sitiyarin tsakiya ma, wani lokacin shi ne kawai ya yi laushi.

In lambar na tsaye cak amma tayoyi na rawa, rimot ya fita. Sa wani sarbo da ka san lafiyarsa a tasha ta 1, wato ta sitiyari. In shi bai yi rawa ba, naka ne ke farautar tsakiya, ko saboda giyarsa ta yi lako-lako, ko sandunan sitiyari na cijewa. In shi ma ya yi, zare fanka da na'urar ƙirga zagaye ɗaya bayan ɗaya, domin fankar da ta fara lalacewa tana zuba hayaniya a layin wuta. Matsa kowane filogi ka ji ko yana kama fil da kyau.

Duba saurin sigina kuma. Tsohon tsari yana aika umarni sau 50 a daƙiƙa, faɗin bugun daga 1000 zuwa 2000 na maikurodaƙiƙa, tsakiya wajen 1500. Rimot na tsere suna da tsari mai sauri fiye da haka, irin SR na Futaba ko SSR na Sanwa, kuma waɗannan sai sarbon da aka ƙera domin su. In aka ba sarbon da bai dace ba, ya yi rawa, ya yi zafi, ko ya ƙone ɗungurungum. Mayar da tashar zuwa tsarin dijital na gama-gari ka gani. ESC ma haka, ba kowanne ke fahimtar tsari mai sauri ba.

Mai Dalma:

Ƙari kan na Baba: tunda an sake ƙulla risiba sau biyu, a duba saitin ko-ta-kwana, wato abin da mota za ta yi in sigina ya yanke. A wasu rimot ɗin matsayin da kunama take a lokacin ƙullawa shi ake ajiyewa, a wasu kuma saitin gogewa yake. A motar lantarki totur ya koma tsakiya, a mai injin nitro ya koma birki. Gwada shi tayoyi a sama: ba da totur kaɗan, ka kashe rimot, tayoyin su tsaya nan take. In suka ci gaba da juyawa, motar ba ta shirya shiga fili ba.

Kuma bayan duk wani taɓa saitin totur a sake koya wa ESC tsakiya, cikakken totur da cikakken birki, tirim, wato saitin gyara tsakiya, na kan sifili, EPA na totur na kan 100.

Eriya31:

In sarƙewar nesa ta dawo bayan sabuwar eriya, lura da sitiyari a daidai lokacin. In totur ya yanke amma sitiyari na amsawa, ba rediyo ba ne sam. Ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya shi ne inda inji ya fi jan wuta, batirin da ya tsufa yakan faɗi ƙasa da iyakar da aka sa wa ESC, galibi 3.0V zuwa 3.2V kowane sel, sai ya rage wuta don kare batirin. Kariyar zafi ma haka take yi, haka wayar firikwensin inji in ta saki. Kafin a koma tsere, wani ya riƙe motar tayoyi a sama a can ƙarshen filin, kai kana kan dandamali kana murza sitiyari da ɗan totur, ya riƙa juya ta gaba, baya da gefe, don a ga ko akwai fuskar da batir ko shasi ke tare eriyar.